Dennis Klatt: Mutumin da ya Bar wa Na'ura Muryarsa

An haifi Dennis Klatt a birnin Milwaukee na ƙasar Amurka a shekarar 1938. Bayan ya kammala digirinsa na uku, sai ya kama aiki a jami'ar MIT a 1965, inda ya duƙufa a kan nazarin furuci. Burinsa shi ne kwamfuta ta dubi rubutu ta furta shi kamar mutum. Ya riƙa auna muryarsa, yana tsara ƙa'idojin tsawon wasali da na hawa da saukar murya. Daga wannan aiki ne aka samar da na'urar DECtalk a 1984.

Ana nan sai ciwon daji ya kama shi a wuya, muryarsa ta dushe, ya rasu a 1988. Amma muryar ba ta bi shi kabari ba. Da ita ce masanin kimiyyar nan Stephen Hawking, wanda ya rasa tasa a 1985, ya yi ta magana har rasuwarsa a 2018.

Mu ɗaliban Hausa kuwa akwai jan aiki a gabanmu. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali, to ta yaya na'ura za ta bambance garin Bauchi da garin masara?