Gus Grissom, wanda rasuwarsa ta sa aka gyara kumbon zuwa wata

Masu karatu, yau za mu tuna da Virgil Grissom, wanda aka fi sani da Gus, ɗan sama jannatin Amurka. Bai taka wata ba, amma waɗanda suka je suka dawo lafiya sun ci albarkacinsa.

An haife shi ranar 3 ga Afrilu 1926 a garin Mitchell, jihar Indiyana. Ya karanci injiniyanci a jami'ar Purdue, ya shiga sojan sama, ya yi fitar yaƙi sau 100 a Koriya. A 1959 hukumar NASA ta zaɓe shi cikin mutum 7 na farko da za ta tura sararin samaniya. Ranar 21 ga Yuli 1961 ya yi tashinsa na farko. Da kumbon ya sauka a teku sai ƙofarsa ta ɓalle, ruwa ya cika shi ya nutse, shi kuwa da ƙyar aka tsamo shi. A Maris 1965 ya jagoranci kumbon Gemini 3.

Daga nan aka ba shi jagorancin Apollo 1, kumbon farko mai ɗaukar mutane a shirin zuwa wata. Lokacin Amurka na tsere da Tarayyar Sobiyet, aiki ana yinsa da gaggawa. Grissom ya sha yin ƙorafi, har ya rataya lemon tsami jikin na'urar da ake horar da su, wanda a can alama ce ta kaya marar kyau.

Ranar 27 ga Janairu 1967, ana gwaji a ƙasa a Cape Kennedy, wuta ta tashi cikin kumbon. Binciken da aka yi ya fi zargin wayar lantarki. An cika ɗakin da iskar oksijin zalla, ga kayan nailan masu saurin kamawa, ƙofa kuma ta ciki take buɗewa, ƙarfin iska ya danne ta. Hayaƙi ya kashe Grissom da Ed White da Roger Chaffee. Shekarunsa 40.

Bayan wannan rashi aka dakatar da tura mutane wata 20. Aka ƙera ƙofa mai buɗewa ta waje cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Aka riƙa gauraya oksijin kashi 60 da naitirojin kashi 40 muddin kumbo na ƙasa. Aka ɗinka tufafi da yadin da wuta ba ta ci, aka rufe wayoyi. Apollo 7 ya tashi a Oktoba 1968, a Yuli 1969 kuma mutum ya sauka a wata. Har aka kammala shirin a 1972 ba a sake rasa rai cikin kumbon Apollo ba.

Mu da muke zirga-zirga a kasuwanni mun san waɗannan abubuwa uku: tsohuwar waya, kaya masu kama wuta, da ƙofar da ba ta fituwa. Mu duba rumfunanmu tun gobara ba ta zo ba.