Theodor Escherich, likitan da ya leƙa hanjin jarirai

An haifi Theodor Escherich a garin Ansbach na Jamus a 1857, zamanin da gudawa ke kwashe jarirai duk lokacin zafi. Ya duƙufa nazarin kashinsu da madubin likita, har a 1885 ya bayyana E. coli, ƙwayar da ke ɗauke da sunansa a takardun gwajin asibitocin Lafia.

A 1886 kuma ya hangi wasu murɗaɗɗun ƙwayoyi a hanjin yaran da gudawa ta kashe. Sun ƙi tsiro a ɗakin gwaji, aka yi watsi da batun, abin takaici. Sai shekarun 1970 aka iya rainon irinsu daga kashin marasa lafiya. Ana kyautata zaton Campylobacter ce ya gani. Ya rasu a Vienna a 1911.