Audu Baƙo: Gwamnan da fari ya riska yana tsakiyar gina madatsun ruwa

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rabon shinkafa da masara ya zama abin da gwamnatoci ke fara rugawa gare shi duk lokacin da talaka ya koka. A Kano, idan hirar tallafi ta yi tsawo tsakanin dattawa, da wuya a tashi ba a ambaci Audu Baƙo ba, gwamnan farko na jihar, wanda fari mafi muni a zamaninsa ya same shi a kan kujera.

An haifi Audu Baƙo a 1924 a barikin 'yan sanda da ke Kaduna, inda mahaifinsa, mutumin ƙasar Argungu, yake aiki. Ya gaji kakin uban a 1942, ya koyar a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har ya kai manyan muƙamai a rundunar. Da Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi 12 a watan Mayun 1967, sai ya damƙa masa Kano. Jihar a lokacin ta haɗa masarautun Kano da Haɗeja da Kazaure da Gumel, wato har da Jigawa ta yau. Shi ba Bakano ba ne, ga yaƙin basasa na shirin ɓarkewa, ga ofisoshin gwamnati da sai an fara su daga tushe.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ruwa. Ƙasar Kano cike take da jama'a, gona na jingine da gona, amma damina wata huɗu ce, sauran shekarar manomi ba shi da abin yi sai tafiya cin rani. Koguna kan cika su tumbatsa a watan Agusta, su gangara gabas, kafin bazara sun koma rairayi. Sai ya ɗaura aniyar tare wannan ruwa. Ya fara da Bagauda, sannan a 1971 aka kama aikin Tiga a kan Kogin Kano, madatsar da ke iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan biyu. Injiniyoyi da ma'aikatan jiha ne suka ɗauki kaso mai yawa na waɗannan ayyuka, kuma daga cikinsu hukumar WRECA ta samo asali.

Ana cikin haka ruwan sama ya yi ƙaranci a 1972, ya ƙara taɓarɓarewa a 1973, shekarar da birnin Kano ya samu kusan rabin abin da ya saba samu. Arewacin jihar ne ya fi jin jiki, kuma ƙasar Ɗanbatta na cikin inda abin ya yi tsanani. Gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba, gyaɗa ta ƙi, rumbuna suka ƙare tun kafin tsakiyar rani. Michael Mortimore, malami a Jami'ar Ahmadu Bello da ya zaga ƙauyukan Ɗanbatta a waɗannan shekaru, ya tattara yadda magidanta suka tsira a littafinsa na 1989 kan jure wa fari. An sayar da awaki da tumaki a wulaƙance. An yi ƙwadago, an sari itace an kai gari, an ci bashi, mata sun dafa ganyaye an ci, maza sun bazu birane neman abin da za su aiko gida.

Gwamnati ta fitar da hatsin agaji, amma abin da ya isa ƙauye bai kai ko kusa da buƙata ba. Wanda ya samu 'yan kwanuka, kwanaki kaɗan suka kai shi. Mafi yawan nauyin ya faɗa kan dangi da maƙwabta da masu ɗan hali na gari, waɗanda su ma farin bai ƙyale su ba. Madatsar Tiga kuwa ba ta ceci kowa a wannan yunwa ba, domin sai a 1974 aka kammala ta, kuma tana can kudu, nesa da masu kuka.

Amfanin ya zo ne daga baya. Ruwan Tiga shi ke shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure, inda shinkafa da alkama da tumatir suka mayar da rani lokacin girbi na biyu. Ɗanbatta ta samu rabonta da madatsar Tomas, wadda aka tsara a zamaninsa, aka gama bayan ya sauka. Sai dai ruwan da aka tare a sama, an rage wa na ƙasa ne: masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru sun ga ambaliyar da suke dogaro da ita tana ja da baya shekara bayan shekara, kuma har yau ba a gama wannan muhawara ba.

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin 29 ga Yulin 1975, wanda ya kawo Murtala Muhammed. Binciken dukiya da sabuwar gwamnati ta yi ya samu gwamnoni 10 cikin 12 da laifi, har da shi. Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma kaɗai aka wanke. Masu yabonsa ba su cika son a taɓo wannan shafi ba, amma yana cikin tarihin.

Ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rasu a 1980. A birnin Kano sakatariyar gwamnati da gidan namun dajin da ya kafa suna ɗauke da sunansa, haka ma kwalejin aikin gona ta jiha, wadda ke Ɗanbatta.