Abdullahin Gwandu: Gwanin nahawun da ya sauƙaƙa tafsiri saboda ɗalibai

Har yau malaman zaure a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa, suna ambaton Malam Abdullahi ɗan Fodiyo in ana maganar ƙwarewa a Larabci.

An haife shi wajen shekarar 1766, kuma ƙanen Shehu Usmanu ne. A hannun yayan nasa ya yi karatu mai yawa, sannan su biyun suka yi ɗalibta wajen Malam Jibrila ɗan Umar.

Ya raka Shehu yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, inda suka shafe kimanin shekara biyar kafin jihadi. Masu halartar wa'azin galibi manoma ne da makiyaya da ba su jin Larabci, don haka da Hausa da Fulatanci ake karantar da su.

A 1804 yana cikin jagororin rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwato. Daga baya aka danƙa masa yammacin daula, ya zauna a Gwandu.

Yaƙi da mulki ba su raba shi da alƙalami ba. Ya tsara ƙa'idojin nahawu cikin dubban baitoci a littafin Al-Bahrul Muhiɗ, ya kuma rubuta Al-Hisnur Rasin a fannin sarfu.

Babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, cike yake da bayanin li'irabi da ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi. Manyan malamai sun ji daɗinsa, amma ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi.

Abdullahi bai ɗora wa ɗaliban laifi ba. Sai ya sake zama ya rubuta wani tafsirin, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya rage zurfafa bayanin nahawu, ya tsaya kan ƙira'ar Warshu da mazhabar Malikiyya, waɗanda mutanen ƙasarsa suka saba da su.

Sanin ƙa'ida ne ya ba shi damar gane abin da zai cire ba tare da ma'anar aya ta gurɓata ba. Da bai naƙalci nahawun ba, sauƙaƙawar tana iya zama kuskure a cikin Littafin Allah.

Ya rasu a Gwandu a 1829. Ana ci gaba da karanta tafsiran nasa biyu a makarantun ilimi.