James Naismith, malamin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando

Duk watan Maris, miliyoyin Amurkawa kan bi gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in ƙasar, inda ƙungiyoyi sama da 60 ke fafatawa, wadda aka doke sau ɗaya ta koma gida. Wasan kuwa James Naismith ne ya ƙirƙiro shi.

An haife shi a garin Almonte na Kanada a 1861. Bai wuce shekara tara ba zazzaɓin taifot ya raba shi da iyayensa. A Disamban 1891, yana koyar da motsa jiki a Springfield ta Amurka, aka nemi ya samo wa ɗalibai wasan cikin ɗaki saboda tsananin sanyi. Ya sa aka kafa kwandunan ƴaƴan itace biyu, ya rubuta dokoki 13.

Da ya horar da ƙungiyar Jami'ar Kansas daga 1898 zuwa 1907, ya ci wasa 55, aka doke shi a 60. Tarbiyyar matasa ce ta fi damunsa, ba kofi ba.

A Maris na 1939 aka yi gasar ta farko da ƙungiyoyi 8, Oregon ta lashe. Naismith ya rasu ranar 28 ga Nuwamban shekarar.