Duke Kahanamoku (1890–1968): Mutumin da Ya Koya wa Duniya Hawan Igiyar Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teku a Legas ko Badagiri ya ga yadda ruwa yake tasowa ya yi tozo, ya taho a guje ya fashe a kan rairayi. Bahaushe ya dubi wannan tozo ya raɗa masa suna raƙumin ruwa ko taguwar ruwa, amma bai yi tunanin hawansa ba. Mutanen tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Fasifik kuwa tun kaka da kakanni suke hawan wannan raƙumi a kan allon katako. A harshensu suna kiran wasan he'e nalu, wato sululu a kan igiyar ruwa. A yau ana yin wasan a gaɓar teku ta ƙasashe da dama, har da Tarkwa Bay ta Legas. Wannan maƙala za ta kawo tarihin mutumin da ya fi kowa taka rawa wajen fitar da shi daga garinsu zuwa duniya, wato Duke Kahanamoku.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Duke Paoa Kahanamoku a birnin Honolulu ranar 24 ga Agusta, 1890, lokacin Hawai tana ƙasa mai cin gashin kanta a ƙarƙashin sarakunanta. A Turanci kalmar Duke sarauta ce, amma shi sunan yanka ne da ya gada daga mahaifinsa. Shi mahaifin an sa masa sunan ne saboda an haife shi a 1869, shekarar da ɗan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, mai riƙe da sarautar Duke na Edinbara, ya ziyarci tsibiran. Mahaifin ya yi aikin ɗan sanda, kuma gidansu gida ne mai yawan 'ya'ya.

A 1893 iyalin suka koma unguwar Kalia da ke Waikiki, dab da teku. A wannan shekarar ce wasu Turawa 'yan kasuwa suka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani, sannan a 1898 Amurka ta haɗe tsibiran cikin mallakarta. Duke ya yi karatu har ya shiga makarantar Kamehameha, amma bai kammala ba, domin ya fita neman abin da zai taimaki gida. Makarantarsa ta haƙiƙa ita ce teku, inda ya koyi iyo da tuƙin kwalekwale da hawan igiyar ruwa tun yana ƙarami.

Halin da Ya Tarar da Wasan

Kafin zuwan Turawa, sarakuna da talakawa, maza da mata, duk suna hawan igiyar ruwa a Hawai. Amma cikin ƙarni na 19 abubuwa suka taru suka danne wasan. Cututtukan da baƙi suka shigo da su sun kashe jama'a, har yawan 'yan asalin ƙasar ya sauko daga dubban ɗaruruwa zuwa ƙasa da dubu hamsin a ƙarshen ƙarnin. 'Yan mishan da suka fara isowa a 1820 sun ɗauki wasan a matsayin ɓata lokaci da rashin suturta jiki. Harshen ma bai tsira ba, domin a 1896 an yi dokar da ta mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu. Wasan bai mutu gaba ɗaya ba, sai dai masu yin sa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma Waikiki na cikin wuraren da ya rage.

Duke da abokansa suka riƙe abin. Allonsa irin na dauri ne, an sassaƙa shi daga itacen koa, tsawonsa ƙafa 16, nauyinsa kusan kilo 52. A 1911 suka yi wa ƙungiyarsu rajista da suna Hui Nalu, wato ƙungiyar igiyar ruwa, wadda yawancin 'ya'yanta 'yan ƙasa ne.

Zakaran Ninƙaya

Iyo ne ya fara fitar da sunansa waje. Ranar 11 ga Agusta, 1911, a wata gasa da aka yi a tashar jiragen ruwa ta Honolulu, ya ninƙayi yadi 100 cikin daƙiƙa 55.4, wato ya rage daƙiƙa 4.6 daga bajintar da duniya ta sani. Hukumar wasanni ta Amurka ta ƙi amincewa. Ta ce ko dai agogon alƙalan bai da kyau, ko kuma ruwa ne ya tura shi. Mutanen garinsu suka yi karo-karo suka tura shi Amurka, ya nuna kansa a gaban masu shakka, ya samu shiga tawagar Gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm ta ƙasar Suwidin.

A can saura ƙiris a cire shi, domin 'yan wasan Amurka sun makara a zagayen kusa da na ƙarshe. Wani ɗan Ostireliya mai suna Cecil Healy, wanda shi ne zai fi cin moriyar cire su, ya tsaya kai da fata sai an ba su dama. Aka ba su, Duke ya ci lambar zinariya a mita 100, Healy ya zo na biyu. Yaƙin Duniya na Farko ya hana gasar 1916, kuma a yaƙin ne Healy ya rasa ransa a 1918. A 1920 a Antwerp ta Beljiyam Duke ya ƙara zinariya biyu. A 1924 a Faris ya zo na biyu a bayan Johnny Weissmuller, ƙaninsa Samuel kuma ya zo na uku. Jimillar lambobinsa na Olamfik biyar ne: zinariya uku, azurfa biyu.

Baƙon da Ya Zama Malami

Duk garin bakin teku da aka gayyace shi domin iyo, sai ya nemi igiyar ruwa ya hau a gaban jama'a. Ziyarar da aka fi tunawa ita ce ta Ostireliya a ƙarshen 1914. Bai je da allo ba, don haka ya samu katako a wurin masu sayar da timba a Sidni ya sassaƙa da hannunsa. Ranar 24 ga Disamba ya shiga ruwa a gaɓar Freshwater. Kafin zuwansa akwai 'yan tsirarun da suka taɓa gwada allo a Sidni, amma ba a taɓa ganin gwani irinsa ba.

Mai kallo daga tudu zai ɗauka abin mai sauƙi ne. Mai koyo yakan kwanta ruf da ciki a kan allo, ya yi ta tuƙi da hannuwa har ya wuce inda ruwa ke fashewa. Daga nan sai ya juya ya fuskanci tudu ya jira. Idan igiya ta taho, dole ya yi tuƙi da ƙarfi har gudunsa ya kusa nata, in ba haka ba ta wuce ta ƙarƙashinsa ta bar shi. Da ya ji ta ɗauki allon, sai ya dafa ya miƙe a tashi ɗaya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ido yana kallon gaba. Wanda ya yi gaggawa ya kife, wanda ya yi nawa ya rasa. Shi ya sa Duke yakan ɗora mai koyo a gabansa a kan allo ɗaya, shi ya yi tuƙin ya zaɓi igiyar, domin ɗalibi ya fara ɗanɗana daɗin abin kafin ya sha wahalarsa.

Haka ya yi da wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Isabel Letham a farkon 1915. Da ta ga tsawon igiyar sai tsoro ya kama ta, shi kuwa ya kamo ta ta ƙeya ya tsayar da ita a kan ƙafafunta har suka iso tudu. Daga ranar ba ta rabu da teku ba, daga baya ma ta zama malamar iyo. Da zai tafi sai ya bar wa wani matashi, Claude West, allon. West ya zama zakaran ƙasar na shekaru, kuma allon ya koma hannun ƙungiyar masu ceto ta Freshwater. Daga Ostireliya Duke ya wuce Niyu Zilan ya yi irin wannan nuni.

A gida Waikiki ma, shi da 'yan'uwansa da sauran samarin bakin teku su ne malaman baƙi masu yawon buɗe ido. A 1920 har Yariman Ingila, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, ya shiga hannunsu.

Ceton Rayuka a Kalifoniya

Ranar 14 ga Yuni, 1925, Duke yana gaɓar Corona del Mar a Kalifoniya tare da abokansa, sai igiya ta kifar da wani jirgin masunta mai suna Thelma da mutum 17 a ciki. Ya ɗauki allonsa ya kutsa cikin ruwan, yana ɗoro mutane yana kawowa tudu yana komawa, har ya ceci takwas. Abokansa suka ceci huɗu, biyar suka halaka. Wannan lamari ya sa masu aikin ceto a bakin teku suka soma ɗaukar allo a matsayin kayan aiki.

Suna Ba Kuɗi

Duk da wannan ɗaukaka, Duke bai tara dukiya ba. Dokar wasanni ta zamanin ta hana ɗan Olamfik karɓar kuɗi da gwanintarsa. Ya zauna a Los Angeles yana fitowa a finafinan Hollywood, amma saboda launin fatarsa ƙananan matsayi kawai ake ba shi, kamar sarkin wata ƙabila ko ɗan fashin teku. Da ya dawo gida har gidan mai ya riƙe. A 1934 aka zaɓe shi Sherif na Honolulu, wato jami'in da ke kula da gidan yari da isar da takardun kotu. Sau 13 ana zaɓensa a jere. A 1940 ya auri Nadine Alexander, ba su haihu ba. Bayan Hawai ta zama jiha ta 50 ta Amurka a 1959 aka soke muƙamin, sai aka naɗa shi mai tarbar manyan baƙi.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 22 ga Janairu, 1968, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 77. An kai tokar gawarsa cikin kwalekwale aka zuba a tekun Waikiki, dubban mutane suna tsaye a bakin ruwa. A 1990 aka kafa mutum-mutuminsa a wurin. Ya daɗe yana burin a saka hawan igiyar ruwa cikin Gasar Olamfik, kuma hakan ya tabbata a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, inda 'yar Hawai, Carissa Moore, ta ci zinariyar mata ta farko.

Kammalawa

Duke ya tarar da gadon kakanninsa yana neman shuɗewa. Bai ɓoye shi ba, bai kuma ji kunyarsa ba a lokacin da ake raina duk abin da ya fito daga 'yan ƙasa. Abin da ya yi shi ne koyar da duk wanda ya nuna sha'awa, ɗan sarki ko 'yar makaranta, a garinsu ko a garin wasu. Harshen Hawai ma ta hanyar koyarwa ya soma farfaɗowa, bayan an mayar da shi harshen hukuma a jihar a 1978. Wannan abin lura ne ga ɗalibin da ke nazarin Hausa nesa da ƙasar Hausa, wanda kullum yake zaune da abokan da ba su jin harshen amma suna tambayar ma'anar kalmominsa.