Herbert Macaulay: Mutumin Da Ya Mai Da Gardama Jari

Da yawa daga cikinmu mun san fuskarsa, gama hotonsa ne ke kan takardar naira ɗaya daga 1979 zuwa 1991. Amma kaɗan ne suka san hanyar da ya bi har sunansa ya game ƙasa.

An haifi Herbert Macaulay a Ikko ran 14 ga Nuwamba, 1864. Jikan Bishop Ajayi Crowther ne ta wajen uwa. Ya yi karatun injiniya a Plymouth ta Ingila, ya komo ya yi wa Gwamnati aikin safiyo, a 1898 ya bar aikin ya kama na kansa. Tun daga nan ya gane abu guda: jama'a ba su cika kula da mai magana a hankali ba, amma in an ta da ƙura kowa sai ya waiwayo.

A 1920 ya raka Cif Oluwa zuwa London a kan shari'ar filin Apapa da Gwamnati ta karɓe, aka kuwa ci nasara a 1921. Yana can, riƙe da sandar sarautar Eleko, wato Sarkin Ikko Eshugbayi, sai ya yi wa 'yan jarida bayanin da aka fahimta kamar Eleko ne sarkin Nijeriya duka, ga shi kuma Gwamnati ta bar shi cikin talauci. Maganar ta yi ƙara ƙwarai. Gwamnati ta nemi Eleko ya ƙaryata a fili, da bai yi yadda ake so ba sai aka yanke albashinsa. A 1925 aka tuɓe shi aka kai shi Oyo, bai komo ba sai 1931.

Macaulay kuwa sunansa sai daɗa hawa. A 1923 ya kafa jam'iyyar NNDP, wadda ta lashe kujeru uku na Ikko a Majalisar Dokoki a 1923, da 1928, da 1933. A 1927 shi da Dokta Caulcrick suka sayi jaridar Lagos Daily News, ta zama gangarsa. A 1928 jaridar ta buga jita-jitar cewa abokan gaba za su fasa motar da za ta komo da Eleko. Garin ya ruɗe, kotu ta ɗaure shi wata shida, ya fito magoya bayansa na ɗaukarsa gwarzo.

A 1944 ya zama shugaban NCNC, Dokta Azikiwe na sakatare. A 1946 suna zagayen ƙasa don ƙin tsarin mulkin Gwamna Richards, ciwo ya kama shi a Kano, aka mai da shi Ikko, ya mutu ran 7 ga Mayu.

Ba mu musun cewa ya farkar da mutane su nemi haƙƙinsu. Amma mu lura: shari'ar Apapa da aka gina a kan hujja ta tsaya, jita-jitar mota kuwa kurkuku ta jawo, Eleko kuma ya yi shekara shida a baƙon wuri. Saboda haka muna jan kunnen malamai da ma'aikata, in kun ga an ta da gardama a jarida, ku tambaya tukuna: wa zai ci riba, wa kuma zai biya? Ramin ƙarya ƙurarre ne.